Saƙo Daga Jamus: Inda Ya Kamata Bot Ɗinku Ya Kwana

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, musamman samarinmu na Kano, Zariya da Maraɗi masu koyon rubuta manhaja. Ina gaisuwa daga Jamus, da fatan iyali da aiki suna lafiya. Tambayar da ta fi yawan fitowa daga wajenku ita ce ta bot, wato manhajar da ke amsa saƙonni da kanta: mutum ya rubuta shi, yana amsa saƙonnin Telegram lafiya lau a kan kwamfutarsa, amma da an ɗauke wuta ko data ta ƙare sai ya yi gum. Ina za a ajiye shi? Hayar uwar garke, wato kwamfutar kamfani da ke kunne dare da rana a intanet, a Turai ta fi ta gida ne? Ga abin da ake sayarwa a nan, da farashinsa, da inda yake cizo.

Kafin a yi maganar ƙasa, a fara tantance irin hayar, domin nan ne yawancin kuɗi ke salwanta. Akwai hayar haɗaka, irin wadda ake ba ka cPanel, allon sarrafa haya, ka ɗora shafi. Ita kamar gidan haya ce mai ɗakuna da yawa, na'ura ɗaya mutane ɗaruruwa, kuma mai gida ba ya yarda wani ya bar injinsa yana gudu dare da rana. Duk manhajar da ta daɗe tana aiki ana kashe ta, shi kansa harshen manhaja na PHP a tsarinsa na asali daƙiƙa 30 yake ba kowace buƙata. Akwai kuma VPS, inda ake yanka maka wani kaso na na'ura da Linux ɗinka, kai ne da makulli, ba mai kashe maka komai. Wannan bambancin iri ɗaya ne a Legas da Frankfurt. Wanda ya sayi hayar haɗaka a Jamus yana tsammanin ta fi ta gida haƙuri, ya yi asarar yuro ne kawai.

Abin da ke raba gardama shi ne yadda bot ke karɓar saƙo. Telegram ta ba da hanya biyu. Ta farko ita ce leƙe: bot ɗin ne ke ta tambayar Telegram ta hanyar getUpdates ko akwai sabon saƙo, saboda haka dole ya kasance a kunne kullum, wato sai VPS. Ta biyu ita ce webhook, inda Telegram ke zuwa da kanta ta ƙwanƙwasa adireshin da ka ba ta duk lokacin da saƙo ya shigo, fayil ɗinka ya farka, ya amsa, ya koma barci. Wannan tana tafiya ko a kan hayar haɗaka mai arha. Sharaɗinta adireshin ya zama HTTPS, kuma a ɗaya daga ƙofofi huɗu: 443, 80, 88 ko 8443. Ba a haɗa hanyoyin biyu. In webhook na nan a ɗaure ka kira getUpdates, kuskure mai lamba 409 za ka gani, sai ka kwance shi da deleteWebhook. Wannan 409 ɗin kuma yana fitowa idan ka manta kwafin bot ɗin yana gudu a kwamfutarka ta gida alhali na uwar garke ma yana gudu. Shi WhatsApp na hukuma, wanda Meta ke bayarwa, webhook kaɗai ya sani.

Sai farashi. Hetzner, kamfanin Jamus mai rumbunan na'urori a Nuremberg da Falkenstein da Helsinki ta Finlan, yana ba da ƙaramin VPS mai RAM gigabait 4 da ma'adana gigabait 40 a wajen yuro biyar a wata, har da zirga-zirgar data terabait 20 wadda bot ba zai taɓa cinyewa ba. DigitalOcean na Amurka, mai rumbu a Frankfurt da Amsterdam da Landan, yana farawa daga dala 4 a kan megabait 512, dala 6 a kan gigabait ɗaya. Ga mazaunin Jamus yuro biyar bai kai kuɗin döner ɗaya ba, shawarmar Turkawan nan, bai kuma kai ladan aikin rabin awa ba. A Nijeriya kuwa, da canjin da ya haura naira 1,500 kan yuro ɗaya, ya wuce kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma gobe ba ka san nawa zai koma ba. Mutanen Nijar sun fi samun kwanciyar hankali ta wannan fuska, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, wato jika uku da 'yan kai kowane wata, ba hawa ba sauka.

Biyan kuɗin ya fi farashin wahala. A nan ana ɗaure asusun banki ne kamfani ya riƙa cira da kansa, ana kuma ƙara harajin kashi 19 ga mazaunin Jamus. Daga gida sai da katin da ke aiki a waje, kuma kun san yadda bankunan Nijeriya da yawa suka rage, wasu suka dakatar da amfani da katin naira a ƙetare a 2022. Kamfanonin nan sukan nemi hoton fasfo ga sabon mai rajista, kuma da sun ga sunan kati daban da sunan asusu, ko adireshin ƙarya, ko shiga ta VPN, suna iya rufe asusun ba tare da dogon bayani ba. Ku yi rajista da sunanku na gaskiya da adireshinku na gida. In ɗan'uwa mazaunin Turai ne zai buɗe muku da sunansa, ku sani amana ce mai nauyi: bashin da ba a biya ba a Jamus takardar gargaɗi ke binsa, daga nan a miƙa wa masu karɓar bashi da ƙarin tara, kuma duk ɓarnar da aka yi da na'urar shi za a nema. Ku lura kuma kashe VPS ba ya tsayar da lissafi, sai an goge shi. Wasu kamfanonin Jamus ma kwangilar shekara suke ɗaurawa, da wa'adin sanarwa kafin fita, saboda haka a karanta kafin a danna.

Ta wannan fuska kamfanonin gida suna da abin da Turai ba ta da shi, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Kana biya da naira ta tiransifa, kana iya kiran waya mutum ya ɗauka. VPS mai arha na Turai ba mai kula maka da shi: in na'urarsu na da wuta da intanet, sun sauke nauyinsu, abin da ke ciki naka ne, kuma tambaya sai ta imel da Turanci ko Jamusanci.

Wasu suna cewa gara uwar garke ta Legas don ta fi kusa da masu amfani. Ga shafin intanet wannan magana ce mai hujja, ga bot kuwa ba ta tsaya ba. Saƙon mutumin Kano ba wajenka yake fara zuwa ba, wajen Telegram yake zuwa, ita ce ke miƙo maka, ka mayar mata da amsa, ta kai masa. Tazarar da ke da tasiri ita ce tsakaninka da Telegram, kuma na'urorinta masu hulɗa da bot a Amsterdam suke. Daga Frankfurt tafiyar 'yan milisakan ce, ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. Bot da ke Legas sai saƙo ya tsallaka teku ya je, ya dawo, ya sake komawa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Yammacin Afirka, irin wannan bot sau biyu matsalar ta same shi, ta ɓangaren mai saƙo da ta ɓangarensa.

Ga wanda ya zaɓi VPS, aikin ranar farko ba shi da yawa amma ba a tsallake shi. A ɗora Ubuntu ko Debian, a shiga da makullin SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, a rufe shiga da kalmar sirri, domin cikin awanni kaɗan za ku ga baƙin na'urori suna ta gwada ƙofa. A kunna ufw, katangar tsaro ta na'urar, a bar ƙofa 22, da 80 da 443 in ana webhook. A buɗe wa bot asusunsa na daban, kada ya gudu a matsayin root, asusun da ke da iko kan komai. Sannan a miƙa shi ga systemd, mai kula da kunna manhajoji a Linux. Mutane da yawa suna kunna bot da hannu cikin screen ko nohup su tafi, ya yi sati uku lafiya, ranar da kamfani ya sake kunna na'urar don gyara shi ke nan ya mutu ba wanda ya sani. Fayil ɗin systemd layuka goma ne: a sa Restart=always da RestartSec=5 don ya tashi da kansa bayan kowace faɗuwa, a kuma yi systemctl enable don ya tashi duk lokacin da aka sake kunna na'urar. In ya mutu ba dalili, a duba tarihin abin da ya faru da umarnin journalctl. Idan aka ga kalmar Killed, RAM ce ta ƙare Linux ya yanka shi, maganinsa swap, wato aron wuri daga ma'adana a madadin RAM, na gigabait ɗaya ko ƙarin RAM. Bot na Python mai amsa rubutu yana zama daram a megabait 512. Wanda ke ɗaga Chrome a ɓoye don ya kwaikwayi WhatsApp na kwamfuta kuwa yana cin RAM kamar gara, ga shi ya saɓa ƙa'idar WhatsApp, kuma lambar da aka kama ana toshe ta. Ɗan kasuwar da kwastomominsa duka ke kan lamba ɗaya kada ya yi wannan kasadar.

Webhook na da nasa tarkon. Takardar shaidar HTTPS ta Let's Encrypt kyauta ce amma kwana 90 take yi, in certbot, manhajar da ke sabunta ta, ta tsaya, bot zai yi shiru wata uku bayan an gama murna. Duk lokacin da ya yi shiru, getWebhookInfo ne farkon abin dubawa, zai nuna saƙonni nawa suka taru da kuskuren ƙarshe. Telegram tana riƙe saƙon da ba a karɓa ba awa 24 ne kacal. Tana kuma jiran ka amsa mata da lamba 200, alamar saƙo ya iso, in ka tsaya dogon aiki kafin ka amsa sai ta ɗauka bai iso ba ta sake turowa, mutum ya ga amsa uku a kan tambaya ɗaya. A amsa mata nan take, a yi aikin daga baya, a kuma riƙa ajiye update_id don a gane maimaici. Wajen aikawa akwai iyaka: kimanin saƙo 30 a daƙiƙa gaba ɗaya, 20 a minti ga rukuni ɗaya. Mai son tura sanarwa ga mutum dubu goma ya jera su a layi, in ba haka ba kuskure mai lamba 429 zai tare shi. Lambar sirrin da BotFather, bot ɗin Telegram mai buɗe sababbin bot, ya bayar kuma kada ta shiga cikin rubutun da ake ɗorawa a GitHub, in ta fita a soke ta da /revoke nan take.

Abubuwa biyu sun shafe mu musamman, kuma ba za ku same su a bayanan kamfanonin nan ba. Na farko lokaci. Jamus tana daidai da agogon Nijeriya da Nijar a lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe na Maris zuwa Lahadin ƙarshe na Oktoba tana gaba da awa ɗaya. Bot mai tunatar da lokutan salla da aka gwada a Janairu a kan agogon Berlin zai yi daidai, a Afrilu kuma ya sanar da Magariba rana na sama. Wanda aka bari a UTC kuwa kullum awa ɗaya yake baya. A rubuta Africa/Lagos ko Africa/Niamey ƙarara a cikin manhajar, kada a dogara da agogon na'ura. Na biyu haruffanmu. In rumbun bayanai na MySQL yana kan tsarin haruffa na latin1, ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya. A sa utf8mb4, wanda ke ɗaukar su har da emoji. Sannan mutum ɗaya zai rubuta kuɗi, wani kudi, wani kud'i, saboda haka bot ya mayar da su siffa ɗaya kafin ya nemi kalma. Alamar da ke gaban 'ya'ya da 'yan ita ce dai alamar da SQL, harshen umarnin rumbun bayanai, ke rufe zance da ita, duk wanda ke liƙa saƙon mutane kai tsaye cikin umarnin rumbu, kalmar Hausa ta yau da kullum za ta faɗar masa da bot tun kafin ɓarawo ya iso.

Game da masaukin bot na kyauta: kamfanin Heroku ya rufe nasa a Nuwamba 2022, na Render kuma yana barci bayan minti 15 ba motsi, saƙon farko sai ya jira ya farka. Ya isa koyo, bai isa bot ɗin shago ko makaranta ba.

Kada kuma sunan Turai ya sa a sake jiki da ajiyar kwafi. A Maris 2021 gobara ta cinye rumbun kamfanin OVH guda a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da na'urarsu suka rasa duka. Hetzner na karɓar kashi 20 na kuɗin haya ta riƙe maka kwafi bakwai. Duk da haka a sa cron, mai gudanar da aiki a kan lokacin da aka tsara, ya fitar da rumbun bayanai kowane dare ya aika wani kamfani daban, ko kuma, in fayil ɗin bai kai megabait 50 ba, bot ɗin da kansa ya turo maka shi ta Telegram a kulle da kalmar sirri, tunda lambobin mutane da saƙonninsu ne a ciki. Sau ɗaya a wata a buɗe kwafin a kan wata na'ura a tabbatar yana tashi.