Cip ɗin fasa bakteriya da lantarki: ya yi aiki, amma ruwan gishiri ya cinye min shi

A kan bakteriyar E. coli ba ni da ƙorafi. Da can, don mu fasa ƙwayoyin mu fitar da DNA ɗinsu, sai mun zuba sinadaran lysozyme da SDS masu lalata bangon ƙwaya da tantaninta, mu jira, mu yi ta wanki, don ragowar SDS na hana PCR, wato gwajin ninka DNA, tashi. Wannan cip ɗin kuwa, 'yar ƙaramar na'ura ce, da sirinji kake tura samfur, ya ratsa wata siririyar hanya tsakanin wayoyin zinare biyu, ya fito ƙwayoyin sun fashe, DNA na cikin ruwa. Tantanin ƙwayar yana hujewa idan lantarkin da ke kansa ya kai wajen bolt 1, kuma bolt 10 a tazarar maikiromita 10 daidai yake da bolt 10,000 a santimita guda. Ƙaramar wuta ta ishe shi, ko an ɗauke wuta inbatarmu na riƙe shi.

Abin da ya ƙona min rai daban ne. Tun kafin in tura kuɗi na tambayi mai sayarwar ko cip ɗin zai ɗauki samfur a cikin PBS, ruwan gishirin da ake zuba ƙwayoyi a ciki, ya ce kowane iri. Muna kunnawa kumfa ya cika hanyar, ruwa ya tsaya cak, zinaren gefe ɗaya ya ɗaye muna kallo ta madubin ƙara girma. Gishiri na ƙara gudun lantarki a ruwa, ruwan ya yi zafi, ya tsage zuwa iskar haidirojin da oksijin. Da na kira shi sai ga sabon zance: wai ai sai an wanke ƙwayoyin an mayar da su ruwan sukari mai ƙarancin gishiri, kuma da AC (wuta mai sauya alkibla) za a kunna, ba DC (mai tafiya ɓangare ɗaya) ba. To Alhaji, ina wannan bayanin a takardar da ka haɗo? Babu ko layi ɗaya. Canji kuma wai sai na sake biya, har da kuɗin mota daga Legas zuwa Sakkwato.

Cip biyu na saya; na biyun da ya rage mun gwada shi da Staphylococcus aureus, bakteriya mai kaurin bango. Muka shuka abin da ya fito, washegari faranti ya cika taf da bakteriya, wato ba su fashe ba. Ga ƙurar hunturu, ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga ta toshe hanya.

Mai aiki da E. coli kaɗai zai iya saya, amma ba a wajen mutumin nan ba. Har yau bai amsa saƙona ba.