Na je da kuɗi a hannu, aka ce sai mai bashi

Dala 600 na ƙirga na zuba a ambulan, na cusa a aljihun gaba, na hau bas zuwa wurin masu ba da hayar mota. A lissafina sun isa hayar kwana uku har da canji. Wata biyar ke nan da maiɗakina da yara suka iso nan Baltimore ta Amurka, kuma tun saukarsu sanyi ya kulle su a ɗaki, daga taga sai talabijin. Matar da ta saba kafin hantsi ta leƙa gida uku ta gaisa, yanzu sai ta wuni ba wanda ya yi mata sallama. Na yi mata alkawari da zarar gari ya yi ɗumi zan fitar da su su ga ruwan Chesapeake, mashigin tekun da ya tsaga jihar Maryland gida biyu.

Yarinyar da ke kan kanta ta karɓe ni da fara'a, ta duba lasin ɗina, ta ce in kawo kati. Na zaro ambulan. Kallon da ta yi wa kuɗin nan, kai ka ce kaza mai rai na ɗora mata a kan kanta. Ba sa karɓar tsaba. Na miƙa katin bankina, irin na ATM, wanda albashina ke shiga. Ta ce da irin wannan sai an binciki tarihin bashina tukuna. Na ce ta bincika, ni ba wanda yake bi na ko sisi, har da ɗan ɗaga murya don na bayana su ji. Ta danna kwamfuta, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ai matsalar ke nan. Ba wai sunana ya ɓaci ba ne, babu sunan ma kwata-kwata.

Na koma gefe riƙe da ambulan. Wani yaro da bai kai ƙanina na uku ba, da gajeren wando da silifas, ya matso ya goga katinsa, aka miƙa masa makulli, ko minti biyar bai yi ba. Ni kuwa da furfura a gemu na fito na tsaya jiran bas ɗin komawa, ina tunanin abin da zan gaya wa yaran da na bari suna gwada takalma.

Mu mun taso ne a kan cewa bashi abin kunya ne. Baba, Allah ya jiƙansa, gara ya sayar da akuya a araha ranar kasuwar Gujungu da ya ranci kuɗin taki. A nan kuwa mutunci lamba ne, daga 300 zuwa 850, kuma ba ka samun lambar sai ka ci bashi ka biya, ka sake ci ka sake biya, ana rubutawa. Da ita ake ba ka hayar gida, da ita ake sayar maka da mota, wani lokacin har kuɗin inshora da ita ake yanke maka. Wanda bai taɓa ci ba, kamar baƙon da ya shigo gari da daddare ne, ba mai tsaya masa. Mun ce bashi hanji ne yana cikin kowa, su kuma sai sun leƙa sun ga hanjin da idonsu.

A bas ɗin nan sai tashar garinmu ta faɗo min a rai. Lokacin bikin ƙanwata mun ɗauki shatar Golf biyu da Sharon ɗaya zuwa Haɗeja, ba takarda ba sa hannu. Ɗan kamasho ya dube ni ya ce, “Ba ɗan gidan Malam ba ne na bayan masallaci? Ku tafi, a kawo kuɗin ranar kasuwa.” Sunan Baba shi ne katina. Na yi kewar wannan har idona ya kawo ruwa.

Amma da na huce sai na tuna kuɗin shatar nan sai da suka yi wata biyu ba mu cika su ba, direban ya yi ta sintiri ƙofar gidanmu, muna ce masa ya yi haƙuri sai an yi girbi. Ku duba littafin mai shagon bakin titi, shafi nawa ne na mutanen da suka ci sukari da omo suka canza hanyar zuwa masallaci? Mai bin bashi a wurinmu shi ne mara kunya, mai ci kuma shi ne abin tausayi. Sannan sunan uban naka iyakarsa inda aka san shi. Ka shiga Kantin Kwari ka ce kai ɗan gidan Malam ne ka ga ko za a ba ka yadi ɗaya. Su nan sun mayar da riƙon amana abin da mutum ke tafiya da shi ko'ina. Haushinsu nake ji, amma na kasa cewa wauta suka yi.

Maganin da banki ya ba ni ya fi ciwon ban dariya. In ajiye dala 300 nawa na kaina, su ba ni katin da zan riƙa cin bashin dala 300 ɗin, ina biya duk wata. Sai an yi kamar wata shida ana haka kafin lamba ta fito. Na tambayi limaminmu saboda tsoron riba, ya ce malamai sun yi saɓani, amma in zan biya duka kafin wa'adi ya cika ba a ɗora ko kwabo, in kiyaye kada in makara. Yanzu madarar yara nake saye da shi in biya washegari, kamar mai wasa da kansa.

Yara ba za su jira wata shida ba. Wani abokin aikina ɗan Zangon Kumasi, Hausarsa rangaɗau, shi ya kama motar da katinsa, aka rubuta ni a matsayin direba na biyu, aka ƙara mana kuɗi na kowace rana saboda haka. Ga na inshora daban. Ga sharaɗin a dawo da tanki cike, in ba haka ba su cika maka da farashin da suka ga dama. Man ma kai za ka fito ka zuba da hannunka.

To ga yadda na tsara. Ranar farko Annapolis, babban birnin jihar, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, yara su ga jiragen ruwa da makarantar sojan ruwa da aka kafa tun 1845. Daga nan gada. Tsawonta ya kusa kilomita 7, an buɗe ta a 1952, aka ƙara ta biyu a gefenta a 1973, kuma ta yi tsayin da manyan jiragen kaya masu zuwa Baltimore ke wucewa ta ƙarƙashinta. Akwai mutanen da tsoro ke hana su tuƙi a kanta, har wasu suka mayar da abin sana'a: ka biya su, su karɓi sitiyari su haye da kai. Kuɗin gada kuma ba mai tsayar da kai, ba katako mai ƙusa, ba “yallaɓai a ba mu na ruwa”. Tun 2020 kamara ce ke ɗaukar lambar mota, takardar biya ta bi ka gida. An gargaɗe ni kada in kuskura in hau ta ranar Juma'a da yamma in zafi ya shigo, don rabin gari ke kwarara bakin teku, shi ya sa na ɗauki hutun Talata.

Tsallaken gada ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar tamu, gonakin masara da waken suya da gidajen kaji. Za mu kwana a Cambridge. A yankin aka haifi Harriet Tubman, baiwar da ta gudu daga bauta sannan ta riƙa dawowa a ɓoye tana fitar da 'yan uwanta, akwai gidan tarihinta da aka buɗe a 2017. Na so mu gangara har Virginia mu bi wata gadar mai kilomita 28, wadda sau biyu hanya ke nutsewa ta bi ta ƙarƙashin ruwa ta sake ɓullowa. Maiɗakina ta ce ba da ita ba, ba da 'ya'yanta ba. Na soke.

Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne Blackwater, fadamar da gwamnati ta killace tun 1933 saboda tsuntsaye. Na ga hotuna: ruwa kwance, ciyayi, agwagin ruwa, mikiya a kan busasshen itace, tsofaffin Turawa da madubin hangen nesa sun yi tsit kamar masu sauraron huɗuba. Sai na ce wannan ai Baturiya ce. Fadamar da tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su sauka lokacin hunturu, tana nan a Kirikasamma, da babur ma sai in je in dawo kafin la'asar. Shekara talatin da ɗoriya ina ƙasar Haɗeja ban taɓa taka ta ba. Ciyawar kachala tana cinye hanyoyin ruwan, masunta na kuka, mu kuma ko sunan tsuntsu biyar ba za mu iya kawowa ba. Yanzu ga ni zan biya dala in kai 'ya'yana kallon irin abin da na baro a bayan gida.

Abinci kuwa na riga na yanke ƙauna. Abin alfaharinsu ƙaguwa, a turara ta da yaji a zube a kan takarda, a ba ka 'yar guduma ta katako ka yi ta fasa. Na gwada sau ɗaya, na sha wahalar awa guda a kan naman da bai cika cokali uku ba, ina tuna bandar tarwaɗar Haɗeja. An soya mana dambun nama, za a dafa shinkafa a kula. Buta biyu na saya, don banɗakunan hanya ƙal suke kamar ɗakin amarya amma takarda kawai za ka tarar. Darduma tana but, alƙibla tana waya.

Jiya na kira Kawu na gaya masa za mu yi tafiyar kwana uku. Ya ce wa ya rasu? Na ce ba kowa. Ya ce to biki ne? Na ce a'a Kawu, ruwa kawai za mu je gani. Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke, sannan ya ce in an tambaye shi a majalisa zai ce ziyara muka tafi, kuma in na ga da rarar kuɗi haka, rufin zauren gidan yana yoyo.