Kwanbatar Beljiyam da na saka wa Camry ɗina: wata biyu ke nan

Wata huɗu Camry ɗina ƙirar 2008 tana karkarwa. A cikin gari lafiya lau, amma da na wuce Na'ibawa na miƙi titin Zariya, allura ta kai tsakanin 60 da 70, sai ta kama ɓari kamar na hau gargada. Bakaniken farko ya canja fulogi, kuɗi suka tafi, ɓari yana nan. Sai da wani oga ya jona mata kwamfuta ta fito da lambar matsala P0741, ya ce kulocin cikin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giya a mota otomatik, shi ne ya cinye. Muka je Ƙofar Ruwa muka ɗauko ta Beljiyam, aka zuba man giya nau'in WS.

Ranar da na karɓo ta na ji daɗi ƙwarai. Oga na gefena, ya ce, "Alhaji, zuba wa allurar inji ido." Muna kaiwa wajen 65 sai ta ɗan sauka da kanta, ƙarar inji ta kwanta, motar ta miƙe sumul. Ya ce lokof ke nan ya kama, wato kulocin kwanbatar ya kulle. Wai a tashin farko man giya ne ke juya giyar, shi ya sa take tashi da ƙarfi amma tana sulɓi tana shan fetur. In tafiya ta daidaita, sai kulocin ya haɗe inji da giya kai tsaye, zafi ya ragu, shan mai ma ya ragu. Ni shaida ne, zuwa Zariya da dawowa yanzu ba ya cin abin da yake ci da.

Abin da ya tayar min da hankali a Kwanar Dawaki ya faru. Na fito zan wuce tirela, iyali na baya, na taka totur, motar ta yi jim kamar ba ta ji ni ba, ga wata bas ta taho. Gabana ya faɗi, na kama salati. Can sai ta saki, giya ta sauko, ta zabura muka wuce. Da na kira oga ya ce haka take, sai lokof ya saki kafin ta ja, in riƙa takawa sosai tun kafin in fita hannun. Na gwada, gaskiyarsa ne. Amma don Allah me ya hana shi faɗa min tun a gareji?

Kuma da na tuna maganar sil, robar da ke hana man giya yoyo, sai raina ya sake ɓaci. Tsohon sil ɗin suka mayar, bayan na biya na sabo. Kwana tara na tarar da jan mai a ƙasan mota a ƙofar gida, aka sake sauke giya gaba ɗaya, kuma ni na sayi wani man. Kwanbatar ba ta da laifi, zan sake sayen irinta. Garejin ne ban sani ba ko zan koma.