Shekara guda ina haɗa kayan ajina daga shagon gwanjo

Ɗinki da saƙa nake koyarwa, kuma duk wadda ta taɓa riƙe irin wannan aji ta san kaya ba sa auki. Mai koyo sai ta ɓata yadi kafin hannunta ya faɗa, ba makawa. Idan sabo ne kika ba ta, hannun rawa yake yi, ta yi ta jujjuya almakashi tana tsoron yankawa. Wannan tsoron ne ya kai ni shagon gwanjo bara, kuma tun daga lokacin duk mako nakan leƙa bayan an tashi daga aji.

Inda shagon ya fi yi mini rana shi ne ɓangaren zannuwan gado da labulaye. Zanin gado ɗaya na auduga yakan ishi ɗalibai huɗu su koyi miƙaƙƙen ɗinki da kalmasa, ga shi ya sha wanki ya gama tsukewa, ba zai ƙara motsewa bayan an ɗinka ba. Rigunan maza kuwa ko sun yage ina ɗauka, saboda maɓallai da aljihu. Matsalar ita ce yawancin kayan takardar wuyansu ta goge, ba ki san da me aka saƙa su ba. Sai na koma gida in zare ɗan zare in kai shi bakin wuta: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, ulu yana warin ƙonannen gashi, foliyesta kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Yanzu wannan gwajin ya zama darasin farko a ajina, ɗalibai sun fi son sa da komai.

Tsoffin suwaita ma ina warware su don samun ulu, amma sai an juya cikinsu an duba. Idan an yanka gefen ne aka bi shi da injin ɗaure baki, guntu-guntu zaren zai fito, wahalar banza ce. Wadda aka saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa, ita ke warwaruwa tiryan-tiryan. Kafin ta shiga aji sai ta kwana uku a firiza cikin leda, saboda asu. Wannan ban koye shi da daɗi ba, kwandon ulu guda na yi asara.

Babban abin da na samu shi ne keken ɗinki Singer 99K, na hannu, an jingine shi a bayan tukwane ya sha ƙura. An fara ƙera samfurin 99 a 1911, harafin K ɗin kuma yana nufin Kilbowie, wato masana'antar kamfanin da ke Clydebank a Sikotland, wadda aka rufe a 1980. Ke nan ko ta yaya aka lissafa, keken ya haura shekara 40. Ƙarfe ne zalla, ɗaukarsa sai da taimako. Na share shi, na ɗiga masa mai, na sa masa allura irin ta kekunan gida na yanzu, 130/705H, ya kama aiki ba gardama. Miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, ba ya zigzag, amma ga mai koyo hakan ya wadatar. Da yake hannu ke juya shi, gudu bai taɓa ƙwace wa kowa ba. Akwai wata ɗaliba da ƙarar keken lantarki kaɗai ke sa ta janye ƙafa, a kan wannan ta ɗinka jakarta ta farko.

Sai dai fa shagon ba ya gwada komai, kuma abin da aka saya ba a mayarwa. Da na nemi a bar ni in gwada keken, mai jiran wurin cewa ta yi, "Malama, yadda kika gan shi haka muka same shi." Gaskiyarta ce, amma da bai yi aiki ba ni ke da asara. Tun ranar nake yawo da ƙyalle da allura da awo a jaka.

Abin da na daina saye gaba ɗaya shi ne zare, roba da gam. Na taɓa kwaso leda cike da zaren ɗinki kala-kala, ina ta murna. Ashe tsufa ya cinye shi, a ido lafiya lau, ana ja ya tsinke. Rabin darasi ya tafi wajen zura zare a allura, ɗalibai suna zaton su ne ba su iya ba, har wata ta ajiye aikinta ta ce ita ɗinki ba nata ba ne. Wannan ya fi asarar kuɗin ɓata mini rai. Roba ma haka take, ta saki tun tana cikin ledarta. Yanzu duk abin da hannuna ba zai iya gane lafiyarsa a wurin ba, sabo nake saye.

Wani abin kuma, ba a zuwa da jerin buƙatu. Ranar da nake neman zif ba na samu, sai ranar da ban nema ba in tarar da tuli. Dole na juya tsarin darasi, abin da na samo shi ke faɗa mini me za mu yi. Makon jiya labule mai kauri ne guda biyu suka shigo hannu, don haka jakar cefane za mu ɗinka ranar Talata.