Asibitin fata da munka kai Kawu a Birnin Kebbi, aiki ya yi amma sai ka riƙo haƙuri

Ba zan kama sunan wurin ba tunda akwai ƙorafi cikin maganata, asibitin kuɗi ne dai ƙarami da likitan fata ke zama kwana biyu a sati.

Shekara shida kawuna na fama da ƙafa. Manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, kuma shi da takalmi ba su ga maciji, wai nauyi yake mai cikin laka. Ƙaya ce ta soke shi saman idon sawu, wurin ya yi ɗan ƙurji ba zafi sai ƙaiƙayi, a hankali a hankali ya zama tsiro tsiro mai kaushi ya yi ɓawo, in ka duba da kyau sai ka ga ɗige ɗige baƙaƙe kamar an barbaɗa masoro. Ba abin da ba a ce ba, wasu su ce daji ne wasu su ce sammu ya taka, Gwaggo kuwa har kwano ta ware mai wai kuturta ce. Man shafawa na kemis kam Allah kaɗai ya san kwali nawa munka saya, ya kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu ciwo na ci gaba da faɗi abinshi.

Ranar da munka je ƙarfe takwas munka yanki kati amma ba mu ga likita ba sai bayan azahar, benci ɗaya, ba wuta ba fanka, mai katin nan kuma in ka tambaye ta sai ta dube ka kamar ka zo roƙo. Kawu har ya ce mu tashi mu koma gida.

To da munka shiga sai na manta da wahalar. Likitan bai yi saurin rubuta magani ba, ya ce Baba ɗora ƙafar nan, ya tambaye shi sana'a, yaushe ƙaya ta soke shi, mi da mi anka shafa. Sannan ya sa reza ya kankaro daidai wurin baƙaƙen ɗigon nan, ya ce nan ne ƙwayar ta fi taruwa, mai lab ya ɗora kan gilashi ya ɗiga wani ruwa da ke narkar da ɓawon fata ya sa a madubin duba ƙwayoyin cuta. Har ni anka kira na leƙa. Wallahi wasu 'yan dunƙule ne masu launin ƙasa ƙasa da tsaga a tsakiya, sak tsohon kwabo na jan ƙarfe, ashe su ma likitocin da kwabon suke kwatanta su. Shekara shida ana canke, abin da bai kai awa ɗaya ba ya raba gardama.

Sunan ciwon kromoblastomaikosis, sai da na sa likitan ya rubuta min. Dangin funfuna ne ke kawo shi, masu zama cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace da jikin ƙaya, wanda ya fi yawa shi ne Fonsecaea pedrosoi, a busassun wurare kuma Cladophialophora carrionii. Duhun launinsu daga melanin ne, irin sinadarin da ke ba fatarmu launi, kuma shi ne sulkensu, shi ya sa jiki ke kasa kashe su magani ma sai ya daɗe. Ba kasafai ake ganin ciwon ba, an fi samun shi a Madagaska da Barazil, kuma a 2017 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da anka yi wa riƙon sakainar kashi. Ya ce akwai wani ɗan uwanshi maisitoma da ya yi yawa a Sudan, shi ƙafa ke kumbura ta yi ƙofofi tana fidda 'yan tsaba, na Kawu ba shi ba ne. Abin da ya fi faranta min rai da ya ce ba a ɗauka daga mutum zuwa mutum, take na kira Gwaggo na sa ta ji da kunnenta.

Ƙorafina na biyu kan sakamakon shukar ƙwayar ne, wato abin da anka kankaro anka ajiye a lab ya tsiro don a gane irin ƙwayar. Na yarda abin na da jinkirin tsiro, makonni yake ɗauka, amma ai sai a gaya wa mutum ko a buga mai waya, sau uku ina shiga mota daga Argungu ana ce min bai fito ba.

Sai magani, nan ne aljihu ke kuka. Itraconazole ne kullum, ana sha da abinci, kuma an hana shi haɗawa da maganin olsa don yana hana shi shiga jiki sosai, ga gwajin hanta lokaci lokaci. Likita bai ɓoye muna ba, ya ce watanni ne ko shekara ko fiye, kuma wanda ya tsaya a hanya ciwon na iya dawowa. Famasinsu kuwa yau akwai gobe babu, sau biyu sai Sakkwato na aika anka sayo, buhun shinkafar Kawu biyu sunka tafi a haka.

Yanzu wata bakwai ke nan, tsiron ya kwanta rabi ya koma tabo, ƙaiƙayi ya ɗauke, amma likita ya ce ba za a daina ba sai an sake kankara an ga babu kwabon nan. In maki ne likita da mai lab tara tara cikin goma, masu kati da famasi uku ma don Allah. Mai zuwa ya yi sammako ya riƙo abinci da ruwa.

Na saya wa Kawu dogon takalmin roba na shiga fadama, yara sun ce min sai ya hango mashin ɗina yake sakawa.