Masu awon ƙasa kafin haƙa burtsatse: aikin da aka yi mana a Hanwa

Duk mai niyyar haƙa rijiyar burtsatse a Zariya ya fara kiran masu awon ƙasa, amma ya zaɓi waɗanda suka san sharrin yumɓu. Waɗanda suka auna mana filin Islamiyyarmu a Hanwa sun san shi, shi ya sa nake yaba musu.

Da akwatin na'ura suka zo, da batir da naɗin waya. Ƙarafa huɗu suke kafawa a jere, biyun waje su tura wuta cikin ƙasa, biyun ciki su auna. Ana ƙara nesanta na wajen, wutar tana ƙara nitsewa. Inda marmara ta bushe ƙayau, sai da suka zuba ruwan gishiri a gindin ƙarfe kafin na'urar ta karanta.

Ƙarƙashin garin nan dutse ne irin na tsaunin Kufena da ke Zariya, ba ya riƙe ruwa sai inda ya ruɓe ko ya tsage. Lafiyayyen dutse yana turje wa wuta, lambar da na'urar ke nunawa ta kai dubbai, mai ruwa kuwa lambarsa takan sauko. A kusurwar gabas lamba ta faɗi warwas, har mai haƙa ya fara washe baki. Injiniyan ya girgiza kai, ya ce, "Malam, wannan yumɓu ne."

Bayanin da ya yi mini a tsaye cikin rana shi ne ya biya kuɗina. Lissafin turjiyar dutse ga wuta da wani injiniyan man fetur mai suna Archie ya fitar a 1942 na dutsen yashi ne marar laka, inda wuta ke bin ruwan cikin kafofin dutse kaɗai, kuma yawan kafofin da irin murɗewarsu ne ke yanke lamba. Ƙwayoyin yumɓu kuwa suna ɗauke da caji a jikinsu, sai wuta ta riƙa bin bangon kafofin ma. Ga kafofin matsattsu ƙwarai: wuta ta wuce salin-alin, ruwa ya ƙi fitowa, famfo ya yi ta jan iska. Wannan cajin na yumɓu ne ya sa wasu masana biyu, Waxman da Smits, suka gyara lissafin a 1968.

Masu awon suka mayar da mu bayan ajujuwa, inda lamba take tsaka-tsaki kuma ruɓaɓɓen dutsen ya fi kauri. Can aka haƙa, alhamdu lillahi har watan Afrilu yara suna alwala.

Ƙorafina rahoton ne. Ya makara, kuma Turanci ne zalla da zane-zane, dattawan kwamiti ba su iya duba shi da kansu ba. In za ku kira su, ku sa sharaɗin shafi ɗaya da Hausa tun wajen ciniki.