Akcuwetar ogzilari da ta maƙale: a kwance a gyara ko a sayo wata?

Malam, tsakanin kwance akcuwetar da ta zo da motarka, wato ɗan injin lantarkin da ke shigar da ogzilari don tayoyi huɗu su ja tare, ka gyara da hannunka da zuwa kasuwa ka sayo wata, ni na bi hanyoyin biyu a kan mota ɗaya, kuma shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna, ka fara da kwancewa. Tunda ka ce taka Toyota 4Runner ce ƙirar 2005 mai injin V6, kuma wutar ogzilari tana ta ƙiftawa a dashbod ta ƙi tsayawa, to irin tawa ce, domin masu wannan injin da aka ƙera daga 2003 zuwa 2009 ba su da sandar giya ta biyu, sai ɗan maɓallin murɗawa mai H2 (tayoyin baya kaɗai ke ja) da H4 (tayoyi huɗu ke ja) da L4 (tayoyi huɗu a ƙaramin giya mai ƙarfi), wanda ke aika saƙo ga kwamfutar motar, ita kuma ta umarci akcuweta ta tura ƙarfe.

Kafin ka taɓa sifana, ka sani cewa akcuweta biyu ce a motar. Ɗaya tana jikin ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya da na gaba, ɗayar kuma tana jikin aksul ɗin gaba ta ɓangaren fasinja, kuma aikinta shi ne haɗa sandar tayar wannan ɓangaren da sauran aksul ɗin. Ta giyabos ce ke fara aiki, sannan ta gaba ta biyo baya, kuma wutar dashbod ba ta daina ƙiftawa sai dukansu sun kammala. Gane mai laifi ba ya cin ko kwabo. Ka murɗa zuwa H4, ka ɗan gangara, ka tsaya a fili mai daidai, ka sa giya a P, ka ja birkin hannu, ka kashe inji, ka tokare tayoyi da duwatsu, sannan ka shiga ƙarƙashi ka gwada juya farfelar gaba, wato sandar da ke kai ƙarfi daga ƙaramin giyabos zuwa aksul ɗin gaba, da hannu. Idan ta juya sakaka, ta giyabos ce ba ta motsa ba. Idan ta ƙi juyawa, ta giyabos ta yi aikinta, sai ka ɗaga tayar gaba guda ɗaya ka juya ta, in ta yi ta wulwulawa babu abin da ya riƙe ta, ta aksul ce ta maƙale.

Tawa ta aksul ce, kuma laifina ne. Na yi kusan shekara biyu ina yawo a kwalta ban taɓa maɓallin ba, ga shi kuma duk damina sai na ratsa wani rafi a hanyar gonarmu. Ranar da na buƙace ta, cikin watan Agusta, da buhunan taki a baya da laka har rabin taya, sai wutar ta yi ta ƙifta mini ido, tayoyin baya suna ta haƙa rami, har sai da matasan ƙauyen suka zo suka tura ni. Cikin fushi na sayo sabuwa mai araha a kwali mai sheƙi aka ɗaura. Gaskiyarta ɗaya, ta yi aiki a ranar da aka ɗaura ta, amma ba ta ga damina ta biyu ba.

Allah ya sa ban jefar da tsohuwar ba, tana cikin wani bokitin fenti a sito. Wata Asabar na shimfiɗa tsohon buhu a tsakar gida, ƙaramin ɗana yana riƙe mini da fitilar waya, na buɗe baƙin murfin robar da ke bayanta. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: ɗan moto ne da bai fi babban yatsa biyu kauri ba, da haƙoran roba da yake juyawa, da wasu siraran layukan tagulla waɗanda 'yan yatsun ƙarfe ke gogawa a kansu, kuma ta wurinsu ne ake yanke wa moton wuta idan ya kai ƙarshen tafiyarsa. Giris ɗin ciki ya bushe ya zama kamar tsohon ƙuli, tagullar ta yi kore, ƙafafun moton guda biyu kuma sun yi tsatsa har ba sa taɓa mazauninsu sosai. Da na duba ɗan siririn tiyon shan iska da ke saman akcuwetar, sai na tarar ya tsage a daidai bakinsa, kuma ta nan ruwan rafi ya riƙa shiga yana kwana a ciki.

Na ɗauki hoton yadda haƙoran suke zaune kafin na cire komai, kuma na yi musu alama da jan farcen uwargida, wanda har yau ba ta daina yi mini gori a kansa ba. Wannan alamar ita ce rabin aikin, domin idan haƙori ya goce daga mazauninsa, moton zai tsaya a inda bai kamata ba, kwamfuta kuma ta ci gaba da ganin aiki bai ƙare ba. Na wanke busasshen giris ɗin da tsohon burushin haƙori, na goge tagullar da samfefa mafi laushi har ta yi ja, ban danna da ƙarfi ba saboda layukan sirara ne. Ƙafafun moton kuma na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin layinmu, ya ɗiga musu dalma cikin 'yan mintoci, ya ƙi karɓar komai sai da na matsa masa. Da muka ɗan taɓa wa moton wayar batir sai ya yi firgigit ya juya, yaron nan ya yi tsalle kamar shi ya ƙera shi. Taɓawa kawai za ka yi ka ɗauke, domin wutar da ka ba moton kai tsaye ba ta bi ta layukan da ke tsayar da shi, kuma idan ka daɗe zai iya cinye haƙoran robar.

Wajen cirewa da mayarwa, ka fara cire kan batir, kuma kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, sai ka sa mata ƙarfen tokare ko katako mai kauri. Notuna huɗu ne ke riƙe da akcuwetar, sai soket ɗin waya da tiyon nan. Man giya zai zubo idan ka zare ta, saboda haka gara ka tsiyaye shi tun farko ka sa sabo daga baya, lamba 75W-90, kuma abin da aksul ɗin gaba ke sha bai kai lita biyu ba. Ka kankare tsohon gam ɗin bakin tsaf kafin ka shafa sabo, kuma ka leƙa da fitila ka tabbatar cokalin ƙarfen akcuwetar ya zauna cikin kwarmin zoben da yake turawa, domin idan ya sauka a gefe notuna za su ɗauru lafiya amma babu abin da zai haɗu. Tiyon kuma ka canza shi, in ba haka ba aikin baban giwa ka yi. Tawa ta shekara uku ke nan tana shiga tana fita.

Idan ka buɗe ka tarar haƙoran sun kakkarye ko moton ya ƙone, to babu makawa sai saye, kuma a nan na fi yarda da ta Beljiyam ta asali a kan sabuwa mai araha. Sai dai ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa, ko da yake ba ka tambaye ni ba. Akwai masu tsinto wadda ta mutu a gareji su wanke da fetur su fesa mata fenti su ce yanzu aka sauke ta daga kwantena, akwai kuma masu zuba jabu a kwali mai tambarin kamfani. Ka tafi da tsohuwarka a hannu ka gwada bakin soket da soket, ka duba ko kawunan sukurorin murfin sun ci sukudireba, ka sa a gwada ta da batir a gabanka, kuma ku yi magana a kan mayarwa kafin kuɗi ya bar aljihunka. Bakaniken da ya ce a canza kwamfuta tun bai duba fiyus da soket ba, ka ɗauke motarka daga wurinsa.

Duk wannan a kan ta aksul nake magana. Ta giyabos daban ce, domin sandunanta sun shige har cikin giyabos ɗin, kuma canza ta gaba ɗaya yana nufin sauke shi a raba shi biyu, aikin da ban ba ka shawarar yi a tsakar gida ba. Idan ita ce, ka fara da wanke soket, ka ɗan ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar sukudireba yayin da wani ke murɗa maɓallin, ka gwada gaba da ribas a kan ƙasa sau da yawa, domin sau tari hakan yana sakin ta. In ta ƙi, ka kai wa wanda ya taɓa buɗe irinta.

Bayan ka gama, littattafan Toyota na irin waɗannan motoci suna cewa a riƙa tafiya da ogzilari aƙalla kilomita 16 a kowane wata domin mai ya zaga kayan gaba. Ni nakan yi nawa a hanyar gona, na shiga H4 ina tafe, sannan na tsaya cak na sa giya a N na shiga L4 na fita, sau biyu ko uku, kafin na hau kwalta.